Tabon da Baba Sheƙi Bai Gani Ba

Shagon Baba Sheƙi bai fi taku shida ba daga ƙofa zuwa bangon ƙarshe, a matse yake tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. Teburi ɗaya ne a ciki, an shimfiɗa masa tsohon bargo don kada katako ya goge katako. Akwai kanta cike da ƙananan kwalabe, akwai igiya daga bango zuwa bango inda jitoci suke rataye ta wuya suna jiran bushewa. Warin tina, ruwan tsinka fenti, kuwa ya kama komai nasa, har kayan fitarsa, har matashin kansa. Matarsa ta gaji da ƙorafi tun 'ya'yansu suna ƙanana.

Ba da jita ya fara ba. Yana saurayi fentin mota ya koya, ya yi shekara bakwai yana shaƙar feshi a gareji, har tari ya sa shi gaba, likita ya ce ya zaɓi ɗaya, ko motocin mutane ko huhunsa. Ya koma goge kujeru da kabad a wurin wani kafinta. Wata rana wani makaɗi ya shigo da jitarsa wadda wutar sigari ta ƙona a kafaɗa, yana tambaya ko za a iya rufe masa. Kafinta ya ce shi ba ya taɓa kayan kiɗa. Saurayin ya ce a bar masa ya gwada. Bayan sati huɗu makaɗin ya dawo, ya juya jitar gaba da baya, ya kai ta hanci, ya kasa gane inda ƙunar take. Tun daga ranar sana'a ta same shi, sunan Sheƙi ya bi shi. "Baba" ɗin furfura ce ta ƙara masa daga baya.

Abin dariya, har ya tsufa bai iya kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba. In an tsokane shi sai ya ce shi likitan fata ne, ba ruwansa da murya. Abin da ya sani shi ne man sheƙin nan mai kama da gilashi da ake lulluɓe katakon da shi, da duk irin wulaƙancin da masu jita suke yi masa. Ya san karcen kan bel a bayan jita. Ya san farin dusu-dusun da gumi yake bari, da ramin da mukulli ke yi in ya faɗo, da tsagar da sanyi da zafi suke haifarwa in an bar jita a mota. Kafin mutum ya buɗe baki ya faɗa masa abin da ya yi wa jitarsa, har da wanda ya so ya ɓoye.

Aikin kansa ba wani tsafi ba ne, haƙuri ne kawai wanda yawancin mutane ba su da shi. Zai goge wurin da tsumma mai tsabta. Ya tsoma tsinken sakace a man, ya ɗiga ɗigo ɗaya a ramin, ya rataye jitar ya kama wani aiki. Gobe man ya shanye ya lotsa, ya ƙara ɗigo. Haka har wurin ya ɗan yi tudu, sannan ya bar shi sati uku ko huɗu ya yi tauri, ko mai jitar zai yi ta sintiri a bakin shago. Sai ya naɗe reza da salatif ta gefe biyu, ya bar tsakiyarta kawai, ya kankare tudun a hankali har ya daidaita. Daga nan samfefa da ruwa, daga mai ɗan kaushi zuwa wadda ta fi tafin jariri laushi, sai gogewa. Amma inda gwani yake rabuwa da ɗan koyo shi ne launi. Sabon mai fari ne tas kamar ruwa, tsoho kuwa shekaru sun mayar da shi ruwan zuma, kuma kowace jita da irin tsufanta. Dole a ɗiga rini a sabon man daidai gwargwado. Wannan ba ma'auni gare shi ba, ido ne.

Ido kuwa Allah ya ba shi, wannan ba mai musu. Matsalar ita ce ya san an ba shi. Ya ɗauki wata ɗabi'a da duk layin ya san shi da ita. Ba ya miƙa wa mutum jitarsa a cikin shago. Sai ya fito da ita bakin ƙofa inda rana take, ya ɗora masa a hannu, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya ce, "To, nemo min." Mutum ya san inda tabonsa yake, shi ya kawo shi, amma ya karkata nan ya karkata can, ya shafa, a ƙarshe ya yi dariya ya ce ya sallama. Baba Sheƙi ya dubi tela, ya dubi mai agogo, ya koma ciki yana gyaran murya. Sama da shekara talatin ana wannan wasa, kuma ya fi son sa a kan abinci.

Ba rana ɗaya idon ya tafi ba. Da farko ya ce ƙwan lantarkin yanzu ba su da haske, ya sa aka ƙara biyu. Sannan ya ce masu yin rini sun lalace, komai nasu ya koɗe, ya riƙa ƙara ɗigo biyu inda da ɗaya yake sawa. Matarsa ta ce, "Baban Auta, akwai wani fari-fari a ƙwayar idonka, mu je a duba." Ya ce idon da yake ganin karcen da ya fi gashi siriri shi za a kai wa yaran asibiti su yi wasa da shi? Ai ga shaida nan kullum a bakin ƙofa, har yanzu ba a sami wanda ya nemo ba. Da wannan ya rufe mata baki.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wani malamin kiɗa take aure, mai koyarwa a makarantar sakandare. Mutum ne mai sanyin magana, siriri, irin mutanen nan da ba su iya ƙarya ba ko ta wasa. Yana da wata tsohuwar jita mai hasken fuska da malaminsa ya bar masa, da ita yake koyarwa. Wata rana ƙarfen ɗora takarda ya faɗo mata, ya fasa man a gaba, ƙasa kaɗan da inda tsirkiyoyi suke ƙarewa. Ina zai kai in ba wurin surukinsa ba? Baba Sheƙi ya karɓa da jin daɗi, ya ba ta sati biyar, ya yi mata aikin da a ganinsa bai taɓa yi wa wata ba.

Ranar karɓa bencin ƙofar shago a cike yake. Ga tela, ga mai agogo, ga wasu makaɗa biyu da suka kawo aiki. Baba ya fito da jitar, ya ɗora wa surukinsa, ya harɗe hannuwa.

"To, Malam, nemo min."

Tela ya yi tari. Ya sake yin tari, har da taka ƙafar Malam. Shi kuwa bawan Allah bai gane ba, ya janye ƙafarsa ya ce wa tela sannu. Bai ko karkata jitar ba, ya ɗora yatsa.

"Ga shi nan, Baba. Ya yi santsi sosai, sai dai launin ya ɗan yi yawa. Ko in an bar shi zai koɗe?"

Baba Sheƙi ya sunkuya ya duba inda yatsan yake, bai ga komai ba sai katako mai ƙyalli. Nan take zuciya ta ɗebe shi.

"Sanin wuri daban, gani daban. Inda ka sani ka nuna, ba inda ka gani ba!"

"Wallahi Baba ba haka ba ne, ai ko daga nesa..."

"Daga nesa! Ku ji min yaro. Na ba ka 'ya, abin da za ka saka min da shi ke nan, ka zo bakin shagona ka yi min ƙarya a gaban mutane? Tela, kai kana ganin wani abu?"

Tela ya dubi ƙasa ya ce shi ba ya ganin komai. Mai agogo ya ce shi ma haka. Makaɗan suka gyaɗa kai.

Baba ya wanke surukinsa tas, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce masa maƙaryaci, ya ce masa mai hassada, ya ce kada ya sake taka masa shago ko gida. Malam ya ja da baya. Ya rusuna, ya sa jitar a akwatinta, ya tafi kansa a ƙasa.

Shekara biyu aka yi a haka. Auta takan zo ita kaɗai, ta gaishe shi a tsaitsaye, ta shige ɗakin uwarta. Da ta haihu aike ya yi, bai je ba. Matarsa ta yi magana har ta gaji, ya ce sai yaron ya zo ya janye ƙaryarsa a inda ya yi ta. Shi kuma Malam ya aiko da ban haƙuri sau uku, amma ya ce ba zai iya cewa bai gani ba, tunda ya gani.

Abin da ya kai Baba asibiti a ƙarshe ba nasiha ba ce. Wata safiya ya tsaya a bakin layi ya yi wa buhun gawayi doguwar gaisuwa, har da tambayar iyali, yana zaton mai gadin layin ne a zaune. Mata masu ɗiban ruwa suka gani, labari ya riga shi isa gida. Matarsa ba ta yi dariya ba, mayafinta kawai ta ɗauka ta ce ya wuce su tafi. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta daɗe, kuma irin wadda take sa mutum ya riƙa ganin duniya kamar ta cikin ruwan shayi. Aka yi masa aikin ɗaya, bayan wata guda aka yi ɗayan.

Ya sha mamaki a kwanakin nan. Bangon ɗakinsa da ya ɗauka ruwan ƙasa ne ashe fari ne. Mayafin da matarsa take yawan sawa shuɗi ne, shi da yake cewa ta cika son baƙin kaya. Ya yi ta murna kamar yaro, yana karanta lambobin motoci daga taga, yana cewa yanzu ne ma za a ga aiki.

Ranar da ya koma shago, ya buɗe kwaɗo, ya tura ƙofa, rana ta shiga. Jita uku ne a kan igiya, waɗanda ya gama kafin a kwantar da shi, suna jiran masu su. Bai ko shiga ba ya tsaya. Daga bakin ƙofa, taku shida, yana ganin kowane gyara. Ɗaya a kafaɗa, ɗaya a gefe, ɗaya a tsakiyar fuska, kowanne ruwan goro jajir, kamar an ɗiga miya a farar riga. Santsin yana nan, hannu bai manta aikinsa ba. Launin ne ko ɗan koyon wata uku ba zai yi haka ba.

Ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe, sannan ya ƙwala wa tela kira.

"Tun yaushe?"

Tela ya dubi igiyar, ya dubi sababbin idanun, ya san ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Za a yi shekara huɗu, Baba."

"Shekara huɗu. Kuma kowa yana cewa bai gani ba."

"Ni nake tare su kafin su ƙaraso. Nakan ce musu, in ya ce ku nemo, don Allah ku juya ta sau biyu ku ce kun sallama. Dattijo ne, ya yi wa kowa aiki lokacin da yake gani."

"Su tafi da ita haka?"

"Wasu su haƙura. Wasu su kai wa wani yaro a bayan kasuwa ya kankare ya sake. Ranar Malam ce kawai na makara, ina gwada wa wani riga."

Da tela zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Baba Sheƙi ya riƙa tuno kansa a bakin ƙofar nan, hannu a harɗe, yana gyaran murya, manyan mutane suna juya jita suna yi masa wasan yara don kada ya ji ciwo. Ya tuno dariyarsu, ya gane ko wace irin dariya ce. Kunya ta rufe shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Duk layin nan mutum ɗaya ne ya ɗauke shi a matsayin gwanin da za a iya faɗa wa gaskiya, shi ne kuma wanda ya kira maƙaryaci ya kora.

Kwana uku bai fita ba. Ya ce idon ne yake masa yaji. A na huɗu matarsa ta ajiye masa ruwan wanka ta tsaya a kansa.

"Baban Auta, idonka lafiyarsa lau. Ka san gidan Malam, hawa na biyu ne, ƙofar hagu. Ko shi ma sai na ja ka?"

"Me zan ce masa? Sa'an ɗan cikina ne fa."

"Lokacin da ka zage shi ba ka tambaye ni me za ka ce ba."

Ya tafi da hantsi, ranar da ba makaranta. Ya hau matakalar yana hutawa a kowace kwana, ba don gajiya ba. Auta ce ta buɗe, da 'yarta a kafaɗa. Yarinyar ta dube shi ta ɓoye fuska a wuyan uwarta, don ba ta san shi ba. Malam ya fito da sauri yana gyara riga, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa. Da ka aiko ai da na zo. Ya idon?"

"Da sauƙi. Tashi, Malam, tashi."

Aka ba shi kujera, aka kawo ruwa. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu. Ya juya kofin a hannu, ya tambayi aiki, ya tambayi makaranta, ya sake tambayar aiki. Can dai ya ce, "Jitar nan tana nan?"

Malam ya shiga ya ɗauko. Baba ya ɗora ta a cinya. Ga tabon nan, faɗin babban yatsa, ja kamar tsatsa a kan fuskar nan mai haske, a wurin da duk wanda ya zauna gaban makaɗi nan idonsa zai fara sauka.

"Ba ka kai an sake ba."

"A'a, Baba."

"Da ita kake shiga aji? Haka?"

"Muryarta ba ta canza ba ai."

Auta, wadda take tsaye a bakin ƙofar kicin, ta kasa haƙuri.

"Baba, ɗalibai har suna suka sa mata. Abokan aikinsa kullum sai sun tambaye shi wane ɗan gada-gada ne ya ɓata masa jita. Ka san me yake ce musu? Cewa yake shi ya gwada gyarawa da kansa ya lalata. Shekara biyu suna masa dariya. Mutumin da ko a wasa ba ya ƙarya, ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa ji a bakinsa."

"Auta, ya isa," in ji Malam.

Baba Sheƙi bai ɗago ba. Ya zo da shirin kunya ɗaya, ya tarar da wadda ta fi ta. Ɗigon hawaye ya sauka a kan katakon, ya sa hannun riga ya goge da sauri.

"Malam," ya ce, "ka gani. Ni ne ban gani ba. Na kira ka da sunan da ba naka ba a gaban mutane. Ka yafe min."

"Haba Baba, don Allah ka daina. Wallahi ban riƙe ka ba."

"Na sani. Shi ya sa ya fi ciwo. Ba ni ita sati biyar."

Malam ya tashi zai ɗauko akwatin. Baba ya ɗaga hannu ya ce a bar shi. Auta ta ce ƙura za ta ɓata ta, ga rana, ko zani a naɗe ta da shi. Ya ce a'a. Malam ya ce to bari ya tsayar masa da mota, Baba ya ce da ƙafa zai koma.

Haka ya sauko, ya rungume jitar a ƙirji, bayanta a jikinsa, fuskarta tana kallon titi. Tafiyar rabin awa ce, kuma ya bi ta babbar hanya, ta gaban makarantar, ta bakin kasuwa inda masu sayar da kayan kiɗa suke. Mutane suna gaishe shi, idonsu yana sauka a kan tabon, su yi saurin kawar da kai. Sau biyu hannunsa yana so ya juya jitar ya hana shi.

A bakin kasuwa wani makaɗi da ya daɗe yana kawo masa aiki ya taso daga benci, cikin abokansa. Ya gane jitar.

"A'a, Baba, ta Malam ce wannan? Gara da ka karɓe ta. Mun ce masa ya bar aikin da ba nasa ba, dubi yadda ya yi mata."

Baba Sheƙi ya tsaya. Ya ɗaga jitar sama kaɗan yadda na bayan benci ma za su gani.

"Malam bai taɓa ta ba," ya ce. "Aikina ne. In kun haɗu da abokan aikinsa ku faɗa musu."